Ni Na Sa Katin Baba a Salula, Amma Yayana Ake Zargi

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku 'yan'uwa masu karatu. Ina fatan kuna lafiya, ya gida, ya yara. Hajiya, don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma masu sharhi, ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san abin da zan faɗa ya cancanci zagi, kuma na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya. Shawara nake nema, kwana uku kacal suka rage mini.

Ni 'yar Damagaram ce, a unguwar Birni aka haife ni, gidanmu asalin Barebari ne. Duk sunan da zan ambata na canza shi, in ban da wanda Baba yake kirana da shi, wato Yagana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma a unguwarmu kusan kowane gida akwai Yagana, ba mai gane ni da shi. Shekaruna talatin da shida. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Mirriya, kullum da safe in shiga mota in tafi, da la'asar in dawo. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar ni da yara mata biyu. Da na fita takaba sai na dawo gidan Baba, don Innarmu ta riga ta rasu, shi kuma yanar ido ta rufe masa gani har ba ya ganin rubutu. Mu biyu ne 'ya'yansa a gari, ni da yayana da zan kira Yaya Bukar, mai gyaran salula a kasuwa.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi lantireti, wato ritaya, kuɗin fanshonsa na shiga banki. Lokacin da zai je hajji banki suka yi masa wani kati irin wanda ake biya da shi a ƙasar waje da kuma intanet. Da idonsa ya ƙi, sai ya damƙa mini katin da lambar sirrinsa, ni nake zuwa gishe, wato injin cire kuɗi, in ciro masa, ni nake karanta masa duk mesajin da ya shigo salularsa. Bai ba Yaya Bukar ba, kuma kowa a gidan ya san dalili. Yana saurayi ya taɓa sayar da moton Baba, wato babur ɗinsa, a ɓoye ya nufi Agadas da niyyar ƙetarawa, ya dawo bayan wata bakwai ba ko dala. Abin ya fi shekara goma sha biyar, ya tuba, ya yi aure, ya riƙe sana'arsa, duk wata shi ke kawo mana hatsi. Baba ya ce ya yafe, amma bai manta ba.

Yanzu ga abin kunyar. Ina son aure. Na rubuta wannan kalmar sau uku ina gogewa. Shekara huɗu ina jin mutane suna cewa, Yagana mai haƙuri, Yagana da ta zauna ta riƙe ubanta. In wani ya taɓo maganar, Baba ne ke amsawa, "Ai Yagana ta ce sai yaranta sun girma." Wallahi ban taɓa faɗin haka ba. Amma wa zan iya cewa ban faɗa ba? Da wane baki zan kalli tsoho makaho in ce masa ina son in tafi in bar shi?

Wata rana a motar Mirriya wata abokiyar aikina ta nuna mini wani shafi a salularta, na haɗa Musulmi masu neman aure. Ta ce 'yar ƙanwarta a nan ta samu miji. Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye. Amma sunan shafin ya zauna mini a ka. Ranar Asabar da hantsi, Baba yana zaure da abokansa, na buɗe. Suka ce mako ɗaya kyauta ne, amma sai an sa lambar kati, kuma ba za a cire ko dala ba. Na sa nawa na albashi, ya ƙi, don shi na ciro kuɗi a gishe ne kawai. Katin Baba yana cikin jakata. Salularsa tana kan tabarma tana caji. Na ce a raina, mako ɗaya ne, kyauta ne, wa zai sani? Na sa lambar, suka turo kode, wato lambar tabbatarwa, a salular Baba, na kwafa, na goge mesajin. Minti biyu bai kai ba. Wannan minti biyun ne ya rushe gidanmu.

A cikin makon na haɗu da wani mutum, zan kira shi Alhajin Kwatano, don ya ce ɗan Damagaram ne amma yana harkar motoci a Kwatano, matarsa ta rasu. Ya san sunayen unguwanni, ya san har mai tsiren da ake layi a wurinsa. Muka karɓi lambar juna, na goge shafin daga salulata, na ɗauka an gama. Ashe goge shi daga waya ba shi ne fita ba. Ƙarshen wata ina karanta wa Baba mesajoji sai na ga an cire jika tara da 'yan kai, wato sefa dubu tara da wani abu, da wani suna na baƙaƙen boko da ba ya karantuwa. Baba ya ce, "Me suka ce?" Na ce, "Talla ce Baba, ta 'yan banki." Na goge.

Na sake buɗe shafin don in kashe abin. Ko'ina ana iya karantawa da Faransanci, amma wurin fita da Turancin Ingilishi yake, ni kuwa ban yi shi ba. Na danna abin da na ga ya yi kama, suka turo mini doguwar takarda da ban gane ba, na ce shi ke nan an rufe. Wata ya zagayo, suka sake cira. Na rubuta musu da Faransanci sau huɗu, ba amsa sai godiya iri ɗaya. To me ya hana ni zuwa banki a toshe katin? Sai mai kati da kansa, da takardar shaidarsa, kuma sai an tambaye shi dalili. In kai Baba in ce masa me? Sai na koma ina cike gurbin da albashina. In na ciro masa kuɗi in ƙara nawa a kai, in mesaji ya zo in goge.

A wata na huɗu na gaya wa Alhajin Kwatano, don a lokacin kullum muna magana, har ya ce bayan damina zai zo ya gaida Baba. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, wannan ne ya hana ki sukuni? Mu da muke sayen motoci a intanet kullum? Turo mini hoton katin, gaba da baya, yanzu in kashe miki shi." Na ce, "Alhaji, ba nawa ba ne fa." Ya ce, "To ba ki yarda da ni ba ke nan. Mutumin da za ki aura?" Jama'a, na tura. Ni malamar lakwal, mai gaya wa iyayen yara kada su ba kowa lambar sirrinsu, na tura. Bayan ɗan lokaci na goge hoton, ya rubuto ya ce, "An gama, ki kwantar da hankalinki."

A wannan watan dai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, har da ƙarin ruwa. Baba yana bukatar kuɗin magani da na cefane, dole ya ce a ba Yaya Bukar katin ya ciro. Kwana biyu katin ya yi a hannunsa, ya dawo da shi da rasi, kuɗi cif. Ku riƙe wannan, don a nan ne kaina ya kulle.

Da wata ya ƙare, mesaji biyu suka shigo. Na farko wanda na sani, ba a kashe shi ba. Na biyu sabo, jika goma sha biyar, da wani suna daban, kuma ba a turo wani kode ba kafin a cira. Nan take na kira Alhaji. Ya ce, "Me kike nufi? Ni za ki zarga a kan jika goma sha biyar? Kin san kuɗin tayar mota ɗaya a wurina?" Ya rantse, ya yi fushi, ya kashe waya. Bayan kwana biyu ya dawo da lallashi ya ce wataƙila shafin ne suka sayar da lambar, haka suke yi. Na so in yarda. Amma sai na fara lura. Bai taɓa yarda mu yi magana ina ganin fuskarsa ba, kullum wai hanyar sadarwa ba kyau. Na tambaye shi ɗan gidan wa ne a unguwar Zongo da ya ce can ya tashi, ya faɗi wani suna, bayan sati biyu na sake tambaya da gangan, ya faɗi wani daban. Damina ta wuce bai zo ba. Yanzu wata biyu ke nan lambarsa ba ta shiga.

Za ku ce ai magana ta fito, shi ne. Ni ma haka na ce, sai na tuna wani abu. Akwai ranar da na je shagon Yaya Bukar ya canza mini gilashin salula, na ji yana gaya wa wani abokin sana'arsa cewa abin da suke buɗe wayoyin da suka kulle da shi a kwamfuta duk wata ake biyansa, kuma da kati ake biya, shi sai ya bi ta hannun wani a Maraɗi da ke cin riba a kansa. Ya ce, "Da ina da irin katin nan da na huta." Ni da kunnena na ji. Kuma cirar ta biyu ta fara ne a daidai watan da katin ya kwana biyu a aljihunsa. To wanne ne? Baƙon da na tura wa hoto, ko ɗan'uwana da muka sha nono ɗaya? Tun daga ranar in Yaya Bukar ya shigo da buhun hatsi sai in riƙa kallon takalminsa, agogonsa, sabon murfin motonsa. Ni da na san abin da na yi, ni ce nake lissafa wa wani.

Albashina ya kasa cike duka biyun. Na fara rage cefane in ce wa Baba kaya sun yi tsada. Ana cikin haka aka ce likitocin ido sun zo gari suna cire yanar ido. Yaya Bukar ne ya je ya yi layi tun asuba ya samo wa Baba lamba, shi ya kai shi, shi ya sayi maganin ɗigawa da tabarau. Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire bandejin Baba ya kalli jikokinsa ya yi kuka, ya ce ashe ƙaramar da Innarmu take kama. Kowa yana murna, ni ma ina murna, amma Allah ya sani, da na ga ya sa tabarau ya ɗauki salularsa yana karanta sunaye da kansa, tsoro ne ya kama ni. Wace irin 'ya ce za ta ji tsoron ranar da ubanta ya warke?

Ba a yi sati uku ba mesajin ya shigo ina Mirriya. Na dawo da la'asar na tarar da shi a tsakar gida kan kujerarsa, salula a hannu.

Ya ce, "Yagana, zo ki karanta mini wannan."

Na ce, "Baba, ai yanzu kana gani."

Ya ce, "Na gani. So nake in ji ko abin da na gani shi ne a rubuce."

Na karanta masa. Ya ce shi bai sayi komai ba, bai san wannan suna ba. Sannan ya ce, "Ban da ke, wa ya taɓa riƙe katin nan?"

Ku duba tambayar. Ban da ke. Ko a ransa bai sa ni cikin lissafi ba. A nan ne ya kamata in durƙusa in faɗi komai. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sai dai Yaya Bukar, lokacin da na yi zazzaɓi." Gaskiya na faɗa, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba. Baba ya cire tabarau ya ajiye a cinyarsa ya ce, "Na sani."

Washegari da safe ya aika aka kira Yaya Bukar. Ina ɗaki ina jin komai. Yaya Bukar ya shigo da fara'arsa yana tambayar ido. Baba ya miƙa masa salular ya ce, "Bukar, moto bai ishe ka ba?" Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya ce, "Baba, ni? Wallahi tallahi gishe na je na dawo, ga Yagana nan, na ba ta rasi." Ya ɗaga murya ya kira ni, "Yagana, ban ba ki rasi ba?" Na fito na ce eh, ya ba ni. Baba ya ce, "Rasin gishe daban, wannan daban. Duk gidan nan wa ya san cikin waya in ba kai ba? Yagana ce za ta san yadda ake wannan?" Yaya Bukar ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Baba ya ce, "A'a. Ba zan bari ka ƙara wa kanka wani zunubin a gabana ba. Tashi ka tafi. Hatsinka ma ka riƙe." Mutum mai shekara arba'in ya fita daga gidan ubansa yana share hawaye da hannun riga, ni kuwa ina tsaye da tsintsiya a hannu ina kallonsa.

Kun san da me na lallashi kaina? Na ce ai wataƙila ta biyun shi ne. In shi ne, to ba a zalunce shi ba ke nan. Na kama wannan wataƙilar na riƙe da hannu biyu, har na fara fatan ya zama shi ne ɓarawon don in samu sauƙi. Ɗan'uwana.

Bayan sati biyu matarsa, zan kira ta Falmata, ta haihu namiji, na farko bayan mata uku. Yaya Bukar ya turo kawunmu da goro ya roƙi Baba ya zo ya yi wa yaro huɗuba ya zaɓa masa suna. Baba ya ce idonsa bai son rana. Ranar suna bai je ba, duk dangi suka lura, aka yi ta raɗe-raɗi. Duk da haka sunan Baba Yaya Bukar ya sa wa yaron. Ni na je, na yi aiki kamar zan karye, na wanke tukwane, na raba abinci. Da mutane suka ragu na shiga ɗaki na karɓi jaririn. Falmata ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Yagana, in tambaye ki mana. Ke da kike karanta wa Baba mesaji duk watannin nan, ba ki taɓa ganin ko ɗaya ba?" Na ce, "Ba kullum suke turowa ba." Ta ce, "To." Ta miƙo hannu ta karɓi ɗanta. Wannan "to" ɗin har yau yana kunnena. Ta sani ne? Ta gaya masa? Ko tambaya ce kawai?

Ranar Talatar nan da ta wuce Baba ya ce in raka shi banki. Muka shiga ofishin wata Madam mai kula da irin wannan. Ta buga takardar shige da ficen kuɗin, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace cira. Ɗaya wata takwas, ɗaya wata biyar. Baba ya bi da yatsa yana ƙirgawa, sai ya ce, "Wata takwas? Ai wata biyar ke nan da Bukar ya riƙe katin." Na ji kamar ƙasa ta tsage. Kafin in yi magana shi da kansa ya ba kansa amsa, ya ce, "Wato tun kafin nan ya kwafi lambar. Yana shigowa gidan ai." Ya tambayi Madam me ya sa ba a turo masa mesaji ba tun farko. Ta ce, "Alhaji, duk cira muna turawa." Ba ta kalle shi ba da ta faɗa, ni ta kalla.

Nan take ta toshe katin, abin da ya gagare ni wata takwas ta yi shi kafin Baba ya gama gyara hularsa. Na tambaye ta, kamar ba komai, ko zai yiwu wuri ɗaya ya riƙa cira da suna biyu. Ta ce yana yiwuwa, wasu shafukan in ka shiga ɗaya suna jona ka da wani a cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa, kuma yana yiwuwa wani ne daban ya samu lambar. Ba za ta sani ba sai an bincika. Ta ciro wata takarda ta ce in Baba yana son a nemo masa kuɗinsa sai ya sa hannu cewa ba shi ya yi ba, kuma ba wanda ya ba izini. Daga nan za su rubuta wa wuraren biyu, su kuma su turo sunan da lambar wayar da aka yi rajista da su. In ya so, da wannan zai iya zuwa kwamisariya wurin 'yan sanda. Baba ya ninke takardar ya ce zai dawo ranar Litinin, kuma da Bukar zai dawo, a sa hannu a gabansa.

Da muka tashi, Baba ya yi gaba, Madam ta ce in dawo na manta takardar shaidarsa. Da na miƙa hannu ba ta saki ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "'Yar'uwa, na daɗe a kujerar nan. In na gida ne, ku kashe maganar a gida kafin Litinin. In takardar nan ta tafi, da suna take dawowa." Na ce ban gane ba. Ta ce, "To madalla," ta sakar mini.

Lambata ce a shafin neman auren, mai cirar farko. Sunana ne, da hotona, wanda na ɗauka da jan mayafi ina murmushi, da abin da na rubuta cewa ina neman miji mai tausayi. Wannan za a ajiye a gaban Baba da Yaya Bukar. In magana ta fita, ba a gidanmu za ta tsaya ba. Dangin marigayi mijina sun daɗe suna cewa a ba su yaran su riƙe, Baba ne ya tsaya ya ce ba inda tarbiyya ta fi wurin uwarsu. In suka ji uwar tana tura wa baƙon namiji hoton katin ubanta, da me zai sake tare su? Kuma in na faɗi ta farko, wa zai yarda ta biyu ba ni ba ce? In kuwa ta biyun ta Yaya Bukar ce da gaske, na wanke shi ke nan na ɗauki nasa na haɗa da nawa. In kuma ba tasa ba ce, to na bar mutumin da bai ci ko dala ba ya yi sunan ɗansa mahaifinsa bai je ba, saboda in rufa wa kaina asiri.

Na yi zaton Yaya Bukar zai ƙi zuwa bankin. Na ce in ya ƙi, to shi ne. Kawu ya kai masa saƙo, ya ce ko yau ake so ya shirya, shi ma abin da yake nema ke nan. Mai laifi zai ce haka? Ko ya san nasa ta hannun mutumin Maraɗi ya bi, sunansa ba zai fito ba? Kun ga yadda zuciyata ta lalace, ko abin kirki ya yi sai na juya shi.

Jiya Alhamis na sauko daga motar Mirriya sai na gan shi a tasha kan motonsa. Bai taɓa zuwa ɗaukata ba. Ya ce, "Hau in kai ki." Na hau muka tafi. Kafin mu shiga lungunmu ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi ya kashe moton, don ba ya ƙarasawa ƙofar gida yanzu. Na sauka. Ya tambayi idon Baba, ya tambaya ko yana ɗiga maganin a kan lokaci, ya ciro sabuwar kwalba daga aljihu ya ce in ba Baba amma kada in ce daga wurinsa ne. Na karɓa. Na juya zan tafi ya ce, "Yagana."

Na tsaya.

Ya ce, "Kin san tunda abin nan ya faru kowa ya tambaye ni. Kawu ya ja ni gefe ya ce in gaya masa gaskiya. Abokaina sun tambaya. Falmata ma, matata, ranar farko sai da ta ce in rantse mata. Ke kaɗai ce ba ki taɓa tambayata ko ni ne ba."

Na kalli fuskarsa ina neman in gane godiya yake yi mini ko tuhuma, wallahi ban gane ba. Ba ya murmushi, ba ya fushi. Ya jira kamar mai ba ni wuri in yi magana. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah zai bayyana gaskiya, Yaya."

Ya ce, "Zai bayyana. Sai Litinin." Ya tada moto ya tafi.

Na shiga gida na ba Baba maganin na ce ni na saya. Ya sa mini albarka, ya ce da duk 'ya'ya irina ne da iyaye sun huta.

Hajiya, 'yan'uwa, yau Juma'a. Takardar tana cikin aljihun babbar rigar Baba. In faɗa wa Baba ni kaɗai, in roƙe shi ya yaga ta, Yaya Bukar ya zauna bai san wa ya jawo masa ba? In fara zuwa wurin Yaya Bukar, alhali ban tabbata hannunsa ba ya cikin ta biyun? Ko in tara su duka biyun in faɗi komai, har da hoton, har da Alhajin, in ya so a karɓe mini yarana? Wanda ya taɓa ganin irin wannan binciken na banki ya gaya mini, da gaske ne suna yana dawowa? Ba na neman a ce ban yi laifi ba. Na yi. Amma don Allah ku gaya mini, kafin Litinin, me zan yi?